Labulen da Inna ta ɗinka wa Babbar Sallah

Duk shekara sai an sami wata hajiya daga ƙasar Hausa da za ta riƙe hannuna ta ce mun ji daɗi, mu da muke yin Babbar Sallah a Makka. Nakan yi mata murmushi in ce alhamdu lillahi, don ba a jayayya da baƙon Allah. Amma ni a Makka aka haife ni, a nan aka haifi ubana, kuma har na haifi 'ya'ya biyu ban taɓa ganin Babbar Sallah a cikin gidanmu ba. Sallar nan ta alhazai ce. Mu 'yan gari namu shi ne mu matsa mu ba su wuri.

Gidanmu yana Aziziyya, hawa na biyu, ɗaki huɗu da falo. Da watan Zulƙida ya raba, Inna za ta fara ɗaure kaya. Duk abin da take ƙauna, kwanonin tangaran, hotuna, bargunan kirki, sai a tura su ɗakin ƙurya a kulle, a jera gadajen ƙarfe a sauran ɗakunan har da falon, alhazai su shigo. Haka kowa yake yi a unguwar, ba mu muka fara ba. Mu kuma mu kwashi katifu mu tafi unguwar Shisha gidan Gwaggo, yayar Baba, mai ɗaki biyu da baki ɗaya da ba ya hutawa. A can muke yin kusan wata guda, mata da yara a cushe, ana layin banɗaki, ana faɗa a kan wa zai kwanta kusa da tsohuwar na'urar sanyin da take tari duk yini.

Shi Baba ba ya cikin wannan cunkoson. Tun kafin a haife ni yake aikin mausim, wato lokacin Hajji, a Mina, tare da masu kula da alhazan ƙasar Hausa. Sauran watanni yana shagonsa na darduma da carbi, mutum mai sanyi, sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa. Amma ranar bakwai ga watan Hajji zai rataya tasrihinsa a wuya, katin izinin shiga Mina mai ɗauke da hotonsa, ya zura takalmin robarsa, ya fita. Ba za mu sake sa shi a ido ba sai sha uku ga wata, ya yi baƙi, ya rame, murya ta dishe, yana fara'a kamar ango.

Aikin da aka san shi da shi, nemo waɗanda suka ɓata, musamman tsofaffi. Yana da hanyarsa. Bai yarda da lasifika ba, ya ce tsohuwar da ta tsorata ba ta jin sunanta a lasifika, hayaniya kawai take ji. Shi sai ya bi inuwa, ƙarƙashin gada, bayan tantuna, bakin famfo, duk inda gajiyayye zai zube, yana tafe a hankali yana cewa sannunku da rana, kamar mai wucewa ta ƙofar gida a Kano. Ba ya ɗaga murya. Cikin tarin mutanen da ke zaune, wanda ya ɗago kai da sauri shi ne nasa. In ya ji yadda mutum ya amsa, ya san ko Basakkwace ne ko Bakatsine ko mutumin Damagaram, ya kuma san tantin da zai kai shi. Ina yarinya nakan ba ƙawayena labarin nan a makaranta da Larabci, ina ƙara gishiri. Ni 'yar gaban goshin Baba ce, kowa a dangi ya sani, har Gwaggo tana kirana jelarsa.

Inna kuwa ba ta taɓa ce masa kada ya tafi ba. Za ta haɗa masa jaka, ta sa maganin mura da man zafi, ta raka shi bakin matakala ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ranar Sallah wani maƙwabci, daga baya ƙanena da ya girma, ya kai ragon mayanka, a kawo nama gidan Gwaggo. Al'adar gidanmu da kakanmu ya zo da ita, mai layya ba ya karyawa sai da hantar ragonsa, kuma matarsa ce take soya masa da hannunta. Inna ta yi sama da shekara talatin tana soya hanta a tukunyar wata, a kicin ɗin wata, mai layyar yana can gefen hanya yana cin biskit a tsaye.

A waɗannan kwanakin zaman gidan Gwaggo ta ɗinka labulen. Ina da shekara takwas ta sayo yadin, kore mai duhu, mai nauyi, ta auna tagogin falonmu biyu da taƙin hannunta kafin mu fita. Kowace shekara in an gama aikin nama, mata sun baje suna hira, sai ta ja gefe ta zauna kusa da taga da allura da zare ruwan ɗorawa, tana bin bakin yadin da wani zanen ganye da ta kwaikwayo daga tsohuwar rigar matashin mahaifiyarta. Mausim huɗu ta yi a kan aikin nan. Da ta gama ta goge su, ta naɗe, ta sa a akwatin ƙarfe da kafur, akwatin ya shiga ɗakin ƙurya.

Mun yi mata tsiya a kan labulen nan ba kaɗan ba. Ƙaramar Sallah kowane gida a Makka ana sauya labule da rigunan kujeru, mu ma muna yi, amma na kanti take ratayawa. In na ce Inna ga naki can suna ruɓewa a akwati, sai ta ce ba na wannan Sallar ba ne. Nata na ranar da babanmu zai yi layya a gidansa ne, ya zauna a falonsa, ta kawo masa hanta. Gwaggo ta ce to sai dai a kai su Mina a rataya masa a tanti. Inna ta yi dariya tare da kowa. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini, har na fi kowa.

Sai ga shekarar da gwiwar Baba ta fara kumbura, har wasu ranaku a kujera yake salla. Likita ya ce yawon Mina ya ƙare. Ƙanena, wanda lokacin ya sami aiki ya fara jin kansa, ya ce bana ba za a ba da gidan ba, kowa zai kwana a gadonsa. Baba ya yarda a gabanmu duka, bayan la'asar muna shan shayi. Ya ce ya bar wa yara aikin, shi ya gaji. Na kalli Inna. Ta miƙa hannu ta ƙara masa shayi, sai da ya zuba a faranti.

Ban taɓa ganin mace mai kusan shekara sittin tana rawar jiki irin ta Inna a goman farko na watan nan ba. Ta sa na taho da yarana tun biyar ga wata, mijina ma yana nasa aikin mausim ɗin a wajen motoci. Ta kafa mana doka: Sallar zama za a yi. Ba zuwa gidan kowa ranar farko, ba gudu, ba kallon agogo. Za a dawo daga Idi, a cire kayan kwalliya, a zauna a ƙasa a ci a sha, wanda barci ya ɗauka ya kwanta a inda yake. Aka wanke bango, aka kakkaɓe darduma. Kwanonin tangaran suka fito suka hau kabad. Faifayen nan masu launi da alhazai suka yi ta kawo mata tsaraba shekara da shekaru, ta jera su a bangon falo, manya a tsakiya, ƙanana a gefe. Yarana suka kewaye ƙofa da ƙananan fitilu, suka yanka raguna na takarda suka manna ko'ina har jikin firji, suna yi mata surutu da Larabci tana amsa musu da Hausa. Muka gasa ma'amul, biskit ɗin Larabawa mai dabino, tire uku, aka jiƙa shinkafar waina, turaren wuta bai mutu ba tun safe har magariba.

Duk benen mu kaɗai ne 'yan gari. Sama alhazai, ƙasa alhazai, titi ya cika da bas-bas. Inna tana tsayawa a matakala da faranti tana miƙa wa baƙi ma'amul, tana nuna ƙofarmu da hannu, wai nan ne gidanta, ko da ba sa jin abin da take faɗa.

Ranar shida ga wata muka buɗe akwatin. Warin kafur ya buge mu har sai da na yi atishawa. Sau uku na bi labulen da dutsen guga, amma layin naɗin bai fita duka ba, shekara ashirin da wani abu ba wasa ba ce. Na hau kujera ina ratayawa, tana ƙasa tana ce mini ja nan, saki can. Suka zauna cif, ba ƙari ba ragi. Rana ta biyo ta cikinsu, falon ya yi wani kore mai sanyi, zaren bakin yana ɗaukar ido. Inna ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa tana kallo, can ta ce ashe dai ba ta yi kuskuren awo ba. Da Baba ya dawo daga masallaci ya shigo, ya zauna a kujerarsa, ya ce wani ya buɗe taga mana, warin kafur ya yi yawa. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta daƙile ni da ido. Daga baya ta ce in ƙyale shi, ranar Sallah in ya zauna ya huta zai gani da kansa.

Kashegari, bakwai ga wata, ranar da ya saba fita, ta kira ni ɗakin ƙurya ta tura ƙofa. Tana shirin guge masa jallabiyar Idi ne ta ji abu a aljihun wata tsohuwar jallabiya da ke rataye a gefenta. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini. Tasrihi ne, sabo fil, na wannan shekarar, da hotonsa da igiyarsa. Ashe ya je ya karɓa bai gaya wa kowa ba. Jinina ya hau, na ce yanzu zan je in tambaye shi. Ta ce ba inda za ni. Ta buɗe akwatin da labulen suka fito, wanda yanzu ba komai a ciki sai takardun shimfiɗa, ta sa katin a ƙarƙashinsu, ta rufe.

"Ke kaɗai kika gani," in ji ta. "Kwana uku kawai nake so."

Na ce mata ko da wuƙa aka sa mini ba zan faɗa ba. Haka na ce, da bakin nan nawa.

Baba bai fita ranar bakwai ba, bai fita ranar takwas ba. Ko ya nemi katin bai gani ba ya yi shiru, ko bai nema ba, ban sani ba har yau. Ranar Arfa muna azumi, gari ya yi tsit, alhazan benen duk sun tafi. Ya ja kujerarsa gaban talabijin tun hantsi, yana kallon taron, yana nuna wurare da yatsa yana gyara wa mai sharhi. Nan ne ake ɓata, in ji shi, wancan lungun ba a sa kowa ba, yaran yanzu waya kawai suka iya. Ƙafarsa mai ciwon tana ta motsi a kan darduma. Inna ta shigo sau biyu ba dalili, ta taɓa labule, ta gyara, ta buɗe ɗaya gefen ta tsaya riƙe da bakin mai ɗinkin. Bai juyo ba ya ce ta ja shi, haske yana kashe masa talabijin. Ta ja, ta koma kicin.

Ranar Sallah ta fara yadda ta tsara. Muka yi Idi a masallacin unguwa, muka dawo a ƙafa, Baba yana dogara sanda, yara suna gaba da sababbin kaya. Ƙanena ya wuce mayanka da ragon. Inna ta cire mayafi ta ɗaura tsohon zane, hannunta jawur da lalle, ta yanka albasa, ta jera yaji da gishiri, ta ɗora kasko ta zuba mai, ba ta kunna ba, tana jiran hanta. An shimfiɗa leda a tsakiyar falo, waina tana cikin kwano a rufe. Baba yana kujerarsa da hula a gwiwa, jikoki sun yi masa barka da Sallah da Hausarsu mai karkata, yana dariya. Na tsaya a ƙofar kicin na ga Inna tana leƙensa ta bayan kafaɗata. Wallahi fuskarta a lokacin ta yarinya ce.

Sai wayarsa ta yi ƙara.

Mutumin da ya gaji aikinsa ne. Baba ya tashi ya shiga ɗaki yana amsawa, muka ji ana buɗe durowa ana rufewa, ana jan rataye. Inna ta ci gaba da yanka albasar da ta riga ta isa. Ya fito bai nufi kicin ba, ya yafito ni zuwa lungun banɗaki. Ya ce wata tsohuwa ce daga wajen Sakkwato, ta rabu da ɗanta tun asuba a hanyar shigowa Mina. Tana da ciwon suga, maganinta yana jakar ɗan, ba ta jin komai sai Hausa, abin hannunta mai lambar tanti ya tsinke. Samari sun yi ta kira a lasifika ba labari, rana kuma tana ɗagawa. An turo babur, yana ƙasa yana jira. Bai tambaye ni ko na ga katin ba.

"Uwata, ke kin san inda yake," ya ce.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka, kuma ya san in ya kira ni haka ba na iya ce masa a'a. Zan iya cewa tsohuwar nan na tuna, kuma na tuna ta, ba ƙarya. Zan iya cewa na ɗauka kafin azahar zai dawo, Mina ga ta nan bayan dutse. Amma tunda ni nake rubutawa bari in faɗi sauran. Na so ya kalle ni yadda yake kallona tun ina ƙarama, ni ce mai gane shi, ni ce tasa. Na shiga ɗakin ƙurya, na ɗaga takardun, na ɗauko, ko minti ɗaya ban yi ba.

Ya rataya a wuya a kan farar jallabiyar Idin da ta guge masa. Ya ajiye sandar a bayan ƙofa, ya zura takalmin robar. Sai a lokacin ya leƙa kicin ya ce mata yanzu zai dawo, ta ajiye masa hanta. Inna ta dubi katin, ba ta dubi fuskarsa ba. Ta wanke hannu, ta raka shi bakin matakala kamar kowace shekara, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Da ta dawo ta wuce ni a tsaye, ta ce in je in rufe akwatin, na bar shi a buɗe ƙura za ta shiga.

Ƙanena ya kawo nama yana tambayar ina Baba. Ya ga sandar a bayan ƙofa ya gane. Ta soya hantar, ta yi kyau, ta zuba a kwanon tangaran mai murfi ta ajiye a gefen kujerarsa. Ta ce mu ci waina, yara kada su zauna da yunwa. Muka ci. Yara suka yi ta tsalle a ƙarƙashin fitilunsu, ba su san komai ba. Ita ta zauna a ƙasa jingine da bango tana jan carbi, ta karya da ruwa da dabino uku. Azahar ta yi. Na kira wayarsa ba ta shiga, na sake kira, na yi ta kira kamar in na dage zan mayar da abin da na yi.

Bayan la'asar na fito daga wanka na tarar da ita a kan kujera, a tsaye, tana cire labule daga ƙarfensa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Mace mai nauyi, mai jiri. Na ruga na riƙe kujerar, na ce Inna ki sauko in cire miki, ko ma ki bar su, ai Sallah kwana uku ce.

"Taimakon da kika yi yau ya isa," ta ce, ba ta ko kalle ni ba.

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ni mai baki ce, ba a gaya mini ɗaya ban mayar da biyu ba, amma ranar na tsaya riƙe da ƙafar kujera kamar gunki har ta gama. Ta naɗe su a kan layinsu na da, ta mayar akwati, ta sa ƙanena ya rataya na kanti.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba ya samo tsohuwar. Ya same ta a bayan wani tankin ruwa wajen ƙarfe biyu, ta fara fita hayyacinta, ya ce sannunku da rana ta ɗago kai. Likitocin wurin suka ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. To wa zan yi fushi da shi? Da ya shiga Mina kuma ai shi ke nan, wannan ya ɓata, wancan ya ɓata, hanya a rufe. Sai sha uku ga wata ya dawo, jallabiyar Idi ta koma ruwan ƙasa, gwiwa ta kumbura kamar tulu, yana ba da labari yana dariya. Hantar kuwa, Inna ta ba wasu alhazan sama da suka leƙo masauki tun kashegari. Ɗan tsohuwar ya zo har gida da kuka da daddawa da godiya, yana ta yi wa Baba addu'a har da hawaye. Inna ta karɓa ta sa albarka, da ya tafi ta aika wa Gwaggo kayan duka.

Ba ta taɓa yi wa Baba maganar ba, ni ma ba ta sake yi mini ba. Ta ci gaba da kirana kullum da safe, tana tambayar yara, tana aiko mana da miya. Amma akwai wata hira da muke yi da a ɗakin ƙurya, ƙofa a ture, wadda ba mu sake yi ba. Da mausim ya zagayo ƙanena ya ce a sake gwadawa, ita da kanta ta ce a ba alhazai gidan, me za ta zauna ta yi a ciki. Ta ɗaure kayanta ta tafi Shisha. Shekarar da ta biyo, cikin watan Rajab, ta kwanta kwana tara ta rasu. A wajen ta'aziyya mata suna ta cewa ta yi dace, matar mai hidimar baƙin Allah, ladansa ladanta. Na ce amin, na ce amin, har bakina ya yi ɗaci. Ba wadda ta tambaya ko ita ta taɓa zaɓar wannan ladan.

Yanzu gwiwar ta gama da Baba gaba ɗaya. Daga gado sai kujera, sai an riƙe shi. Ba a ba da gidan saboda ba a iya sauko da shi matakala. Babbar Sallah uku ke nan yana yi a falonsa, a zaune, ba inda za shi, daidai yadda ta so. Ni nake zuwa in soya masa hanta. In na ga yadda yake zaune lafiya lau a wurin nan, nakan rasa ko shi nake jin haushi ko kaina.

Sallar da ta wuce na buɗe akwatin. Ba don ado na yi ba, gaskiya. So nake ya gani ya tuna, ya ji ko rabin abin da nake ɗauke da shi. Na shirya maganata tsaf, na san abin da zan ce in ya sunkuyar da kai. Na rataya su ranar Arfa da hantsi yana barci a ɗaki, na buɗe tagogi warin kafur ya fita.

Ranar Sallah ƙanena ya zaunar da shi a kujerarsa. Talabijin a kashe, idonsa ba ya jure ta yanzu. Na kawo hantar a kwanon tangaran mai murfi, na durƙusa ina zuba masa. Rana ta biyo ta cikin labulen, falon ya yi koren nan. Sai na ga ya ɗaga kai yana kallo, ya daɗe. Ya miƙa hannu ya kamo bakin na kusa da shi, yana shafa zaren da babban yatsa, ganye bayan ganye. Na ajiye cokali.

"Uwata, sababbi ne waɗannan?" ya ce. "Sun yi kyau. Aikin hannu ne ma. Da innarki tana nan da ta so su."

Na duba fuskarsa ko wasa yake yi, ko kunya ce ta sa shi kewaye. Ba ko ɗaya. Murna yake yi tsakani da Allah, yana jira in gaya masa kantin da na sayo.

Na ce eh, Baba, da ta so su. Na tura masa farantin, na ce ya ci kafin hantar ta huce, na koma kicin na kunna famfo.